Yadda Zaka Zaɓi Abin Da Zai Riƙe Gefen Intalok Ɗinka Kafin Damina Ta Watsa Shi

Jama'a yanzu duk wanda ya gina gida a Birnin Kebbi, daga Gesse har Badariya da Bayan Kara, abu na farko da yake so bayan fenti shine a shimfiɗa mashi intalok, wato ƙananan bulon kankare da ake jerawa a ƙasa, a tsakar gida da ƙofar get, kuma gaskiya yana da kyau, ba ƙura ba taɓo. Amma ku lura da kyau in kuna wucewa ƙofar gidajen mutane, duk intalok ɗin da ya lalace daga gefe yake fara lalacewa, layin ƙarshe ne zai fara buɗe baki ya kwanta waje, sai yashin dake tsakani ya zube, sai na biyu ya bi shi, kafin damina 2 sai kaga har tsakiya ya fara rawa in an taka. Mutane sai su ce ai bulon ne ba shi da kyau, alhali sau da yawa bulon lafiyarsa lau, abinda zai tare shi ne ba'a yi ba ko kuma anyi na jeka-na-yi-ka.

Dalili kuwa intalok ba siminti ke riƙe shi ba. A kan yashi yake zaune, yashi ne a tsakaninsa, ƙarfinsa duka daga matsewar da suka yi ma juna ne. Duk sanda taya ta hau ko ta juya tana tura su gefe, in akwai abu mai ƙarfi a ƙarshe sai turin ya tsaya nan, in babu sai su tafi. Kamar damin gero ne, ɗaurin nan shine damin, ka kwance shi ka gani.

Fara da duba wajen kafin ka sayi komai

Ka ɗauki tef ka zagaya duk inda intalok ɗin zai ƙare. Inda ya jingina da bangon ɗaki ko katanga mai tushe, nan ka huta, bangon ya isa. Inda ya haɗu da dakalin kankare ko bakin gwata da aka zuba da kankare mai kauri shima ya isa. Sauran wuraren da suka buɗe, wato gefen fulawa, gefen da ya kalli ƙasa zalla, bakin get, zagayen bishiya, zagayen murfin sokawe da rijiya, su zaka auna ka rubuta mita nawa ne. Mutane na mantawa da zagayen bishiya da murfin sokawe sosai, kuma nan ma gefe ne.

Sai ka tambayi kanka mi zai hau wajen. Ƙafa ce kawai da kujeru da tabarma? Ko babur da Keke Napep? Ko mota? Kuma kar ka yaudari kanka, in get ɗinka babba ne wata rana sai tankar ruwa ko tifa ko motar da ta kawo buhunan shinkafa ta shigo, to da ita zaka yi lissafi a bakin get ba da ƙaramar motarka ba. Don tafiyar ƙafa bulo mai kaurin milimita 60 ake sa wa, inda manyan motoci zasu bi kuma mai 80, kuma gefen ma haka yake bin nauyin.

Na uku ƙasar wajen. Wanga shi yafi muhimmanci a wajenmu saboda Kebbi ba ƙasa ɗaya bace. Wanda ke kan tudu mai jan ƙasa ko marmara aikinsa da sauƙi. Wanda filinsa ya gangara wajen fadama, irin na kusa da gulbi a Argungu ko Birnin Kebbi ko ƙasan Yauri, laka ce, da damina ta kumbura da rani ta tsage, duk abinda ka ɗora mata sama-sama sai ta motsa shi. Wani wajen kuma rairayi ne zalla, baya kumbura amma ruwa na kwashe shi daga ƙarƙashi. Wajen Zuru ƙasa ta fi tauri da duwatsu amma ruwan sama ya fi yawa kuma akwai gangara, so matsalarsu gudun ruwa ne. Ka sa a haƙa rami kamar tsawon hannu a wuri 2 ko 3, ka jiƙa ƙasar ka murza, in ta yi danƙo tana mulmuluwa kamar ta ginin tukunya to laka ce, ka shirya ƙarin kuɗin ciko.

Sannan ka ɗaga kai ka kalli indararo da bakin kwano, ina ruwan rufi yake sauka. In a kan gefen intalok yake zuba to ko mi ka sa sai ya ci ƙasan dake bayansa, a watan Agusta ruwa ɗaya ya isa.

Kalolin abin tare gefe, da wanda ya dace da wa

Kab, wato dogon dutsen kankare da masu buga intalok suke bugawa, galibi tsawonsa wajen rabin mita ne. Ni a ganina in dai mota zata hau wajen to kar ma ka tsaya dogon tunani, shi zaka sa. Sharaɗinsa ɗaya, dole a zaunar da shi a kan kankare kuma a tallafe bayansa da kankare, ba wai a haƙa rami a jera a mayar da ƙasa ba. Kab ɗin da aka binne a ƙasa zalla kwanciya zai yi. Wajen saye ka ɗaga ɗaya ka ji nauyi, ka goga ƙusa a jiki, in yashi na zuba to an yi rowar siminti ko ba'a ba shi ruwa ba, ka bar shi. Kuma ka tambaya yaushe aka buga, wanda aka cire daga mol shekaranjiya bai yi ƙwari ba, kankare sai ya kai kwana 28 yake cika ƙarfinsa, ko ba'a kai haka ba a ƙalla ya yi sati 2.

Bulon gini, inci 6 ko inci 9. Wannan shi mutane suka fi yi saboda ko'ina akwai shi kuma kowane birkila ya iya. Yana yi, amma bulo mai rami in ba'a cika ramin da kankare ba taya ɗaya ta taɓa shi ya fashe. So a yi mashi ɗan tushe, a jera, a cika ramukan dam, a yi filasta. Ya dace da gefen fulawa da inda ƙasar ciki ta fi ta waje tudu. In bambancin tudun ya wuce layi 2 na bulo to wannan ya zama katangar tare ƙasa, sai an sa rodi a ramukan kuma an bar hanyar ruwa, wani aiki ne daban.

Zuba kankare a wajen, a kafa katako gefe da gefe a zuba. Wannan yafi dacewa da bakin get, inda intalok ya ƙare titi ko ƙasa ta fara, domin nan kana son abu da ya yi daidai da saman intalok mota ta wuce ba tuntuɓe. Faɗi kamar santimita 15 zuwa 20, zurfi 25 zuwa 30, a sa rodi 2 na milimita 10 ko 12 a tsawonsa. Yana kuma yi ma wajen da ke da lanƙwasa tunda silin ko falle na lanƙwasuwa yadda kake so. A riƙa yanka shi ko a raba shi duk bayan mita 2 zuwa 3, saboda zafin Maris da Afrilu da ke wuce digiri 40 sai ya tsaga shi, gara ka zaɓar mashi inda zai tsage da kanka.

Sai ɓoyayyen kankare, wanda ake tallafe layin ƙarshe da shi daga waje a yi shi a gangare sannan a rufe da ƙasa ko ciyawa. Shine mafi araha, kuma nan ne ake cutar mutane. Abinda yawanci ake yi shine in an gama shimfiɗa sai yaro ya kwaɓa siminti da yashi ya bi gefen da cokali ya shafa, siririn abu a kan yashin shimfiɗa, ranar da aka gama yana kyau, mai gida ya biya kowa ya watse. Wannan ba komai yake riƙewa ba, a kan yashi yake zaune, ruwa na shiga ƙarƙashi zai ɓalle guntu-guntu. In anyi shi daidai kuwa yana riƙe hanyar ƙafa da wajen zama shekaru, zan faɗi yadda ake yi a ƙasa. Amma banda mota.

Na roba da na alminiyom da ake kafewa da dogayen ƙusoshi, waɗanda kuke gani a bidiyon YouTube na Amurka, su an yi su ne don a kafa a cikin dakakken dutse da aka danne da inji, ƙusar tana kai santimita 25 zuwa 30. A cikin rairayi ko laka ƙusar bata kama komai, ga rana in ta samu robar a fili tana busar da ita, ga kuma wahalar samu. Ban ga dalilin da mutum zai wahalar da kansa ba alhali ga simintin kamfanin BUA nan na fitowa daga Kalambaina ta Sakkwato kusa da mu. Katako kuwa kar ma a fara, gara ta gode.

Yadda aikin ke tafiya

Mataki na farko a buga fegi a ja igiya, a fitar da tudun da saman intalok zai tsaya. A ba shi gangara daga jikin gini zuwa inda kake son ruwa ya fita, santimita 2 a kowace mita ɗaya, kenan in faɗin tsakar gidan mita 5 ne ƙarshensa zai yi ƙasa da santimita 10. Tiyon ruwa mai haske da magina ke amfani da shi ya isa a fitar da wannan. Kuma saman intalok ya zauna ƙasa da daɓen ɗaki da kamar santimita 15, kar ka mayar da falonka magudana.

Na biyu haƙa da ciko, kuma ga inda nake so ku buɗe kunne. Cikon ƙasa, ko jan burji ne ko dakakken dutse, dole ya wuce inda intalok zai tsaya da a ƙalla santimita 15 ta waje, in laka ce ko mota zata hau a kai shi 25 ko 30. Lebura zai so ya haƙa daidai igiya don ya rage ma kansa aiki, kar ka yarda, domin gefen da kake son ginawa a kan wanga cikon zai zauna. Kaurin ciko don ƙafa santimita 10 zuwa 15, don mota 15 zuwa 20 ko fiye, a laka a kwashe baƙar ƙasar sama gaba ɗaya a ƙara kauri. A zuba shi kaɗan-kaɗan, kar ya wuce santimita 10 a lokaci guda, a yayyafa ruwa ya yi laima ba ya yi caɓi ba, a danne da inji. In wajen ƙarami ne madaɓin ƙarfe na hannu zai yi amma a rage kaurin kowane zubi. Ka taka da dunduniya, in ta bar shaida ba'a gama ba.

Na uku, a kafa gefen KAFIN a zuba yashin shimfiɗa, in dai kab ne ko bulo ko kankaren da ake zubawa tsakanin katako. Wasu na bari sai ƙarshe, sai kaga ana haƙa kusa da abinda aka riga aka jera ana rusa shi. Dabara ɗaya da zata rage maka yanka bulo, ka jera layi ɗaya na intalok ɗin a ƙasa daga bango zuwa inda gefe zai tsaya, da ɗan tsakanin milimita 2 zuwa 5 da ake bari, sai ka sa fegin gefen daidai inda cikakken bulo ya ƙare.

Ga yadda ake zaunar da kab. A haƙa ɗan rami a cikin cikon, faɗi kamar santimita 30, a zuba kankare mai kaurin santimita 10. Haɗin 1:3:6 ya isa ga hanyar ƙafa, wato buhun siminti 1, kwanon yashi 6, kwanon tsakuwa 12, tunda buhu ɗaya kusan kwano 2 ne. Inda mota ke bi a yi 1:2:4, buhu 1, yashi kwano 4, tsakuwa kwano 8. Kar a cika ruwa, ya zama in ka dunƙula yana tsayawa. A ɗora kab tun kankaren na ɗanye, a buga da gudumar roba har ya yi daidai da igiya, a bi igiya ba ido ba. Sannan a zuba kankare a bayansa, ɓangaren waje, faɗin santimita 10 zuwa 15, ya hau har rabin tsayin kab ɗin ko ya ɗan fi, a gangaro da shi. Ta ciki kuma kar kankaren ya taso ya ci wajen da yashi da intalok zasu zauna, a share shi tun bai bushe ba, in ba haka ba layin farko zai zauna a kan tauri sauran a kan laushi, bayan wata kaɗan sai kaga layin ya fi sauran tudu.

Lissafin kaya, da wannan awon kowace mita 20 na gefe tana cin kusan kubik mita 1 na kankare, wato buhu 4 zuwa 5 a haɗin 1:3:6, ko buhu 6 da ɗan ɗori a 1:2:4. Kab mai rabin mita guda 2 ne a mita, bulon gini kuwa wajen 22 a mita 10. In birkila ya ce maka buhu 1 zai zagaye gidan duka to ka san shafe zai yi.

Tsakanin kab da kab a cike da kwaɓin siminti, domin ta nan yashin shimfiɗa yake gudu a hankali har gefen ya lotsa. Amma a ɓangaren da ruwa ke gangarowa dole a bar mafita, ko a saukar da kab ɗin ya yi daidai da saman intalok ruwa ya tsallake, ko a bar ƙofa duk bayan mita 2 ko 3, ko a sa guntun fayif. Duk ƙofar da aka bari a tare ta daga ciki da tsakuwa ko yankin buhun leda mai saƙa yadda ruwa zai wuce yashi ya tsaya. In ka zagaye tsakar gida da kab mai tudu ba mafita ka gina tafki, ruwan zai kwanta ya jiƙa cikon har ya yi laushi.

Ban ruwa. A yanayinmu wanga ba wasa bane, da zafin bazara ko iskar hunturu kankare na bushewa kafin ya yi ƙarfi. Safe da yamma har kwana 7, a rufe da buhunan siminti da aka jiƙa ko tsohuwar tabarma. A bar shi a ƙalla kwana 3 kafin a kawo injin dannewa kusa, mota kuma ta haƙura sati ɗaya ko fiye. In da hali a zuba kankaren da sassafe ko bayan la'asar.

Sai yashin shimfiɗa, mai kaushi na gulbi ba mai laushin filasta ba, kauri santimita 2.5 zuwa 4 kawai. Kar a gyara ramin ciko da ƙarin yashi. A jera intalok, a fara da layi ɗaya na cikakkun bulo da zai bi jikin gefen duka, yankakku su zo a bayansa daga ciki, kuma kar a sa guntun da bai kai kashi ɗaya cikin uku na bulo ba, ƙananan nan su ke fara fita. Inda mota ke juyawa a yi jerin nan mai zigzag da ke sarƙe juna, ya fi jure turi. A jera shi ya ɗan fi tsayin da ake so saboda inji zai saukar da shi, in an gama ya fi bakin gwata ko kab mai kwance da milimita 5 zuwa 10. A danne, a watsa busasshen yashi mai laushi a share ya shiga tsakani, a sake dannewa, a sake sharewa.

Ɓoyayyen kankaren da na ce zan dawo kansa shi kaɗai ne ake yi bayan an jera. A sa cokali a yanke yashin shimfiɗa daidai bakin bulon ƙarshe a kwashe shi tas har sai cikon ya bayyana, a jiƙa, a zuba kankare mai tsakuwa ba kwaɓin yashi ba, faɗin santimita 15 a ƙasa, ya hau zuwa rabi ko kashi 2 cikin 3 na kaurin bulon, a gangare shi. In kana so ya ƙara ƙarfi layin ƙarshen ma a zaunar da shi a kan kankaren maimakon yashi, a ratsa rodi ɗaya na milimita 8 ko 10. Kafin ya yi ƙwari kar inji ya matso gefen, a tsaya kamar mita 1 nesa, in ya yi ƙwari a dawo a ƙarasa. Sannan a mayar da ƙasa a bayansa a daɓe, kar a bar shi tsirara.

Maganar bishiya, dogon yaro da mangwaro saiwarsu na ɗaga kab komai ƙarfinsa, a ba su fili a ƙalla mita 1 ta kowane gefe, bishiyar ma tana buƙatar shan ruwa. Kuma masu ɗaure rago kar a kafa turke a tsakanin intalok, a nemi waje a bayan gefen.

Wanda nashi ya riga ya fara buɗewa ba sai ya tashi duka ba. Ka cire layi 3 ko 4 daga gefen har inda suke a matse, ka jera su gefe, ka fasa tsohon shafen ka kwashe, ka duba cikon in bai wuce gefen ba ka ƙara ka danne, ka kafa sabon gefen yadda aka faɗa a sama, ka sabunta yashi ka mayar da bulon. Lokacin da yafi dacewa daga Nuwamba zuwa Afrilu ne ƙasa na bushe. Bayan ruwan farko da na biyu na watan Yuni ka zagaya ka duba bayan gefen, duk inda ruwa ya fara cin ƙasa ka cike da tsakuwa ko burji ka daɓe, duk tsakanin da yashi ya ragu ka share sabo ya shiga, inda indararo ke zuba kuma ka sa fayif ya kai ruwan gwata ko ka zuba ɗan faifan kankare a wajen.